Yaron da bai kai mahaifinsa kabari ba

Wata rana da hantsi, a wata unguwa da ke bakin gari a Gusau, aka fito da gawar wani bawan Allah ƙofar gidansa aka sallace ta.

Ɗansa namiji ɗaya ne tak. Sunansa Zayyanu, ɗan auta, shekararsa goma sha shida.

Kafin a fito da gawar, mahaifiyarsa Hajiya Lantana ta kira shi ɗaki. Idonta ya kumbura don kuka. Abu ɗaya ta roƙe shi: ya sa kafaɗarsa a makarar mahaifinsa, idan an isa kuma ya sauka cikin kabarin ya karɓe shi da hannunsa, kada ya bar wa bare.

Ya ce mata to. Kuma wallahi har cikin zuciyarsa ya faɗa.

Bari in gaya muku wane ne Zayyanu.

Sai da Hajiya ta jera 'ya'ya mata kafin Allah ya ba ta shi, don haka ko ƙuda ba ta so ya sauka a kansa. Ga shi kuma tana da ƙane da ya karye a filin ƙwallo tun suna yara, ɗorin bai yi kyau ba, har yau yana ɗingishi. Wannan tsoron bai taɓa barin ta ba.

Ƙwallo? Haram.

Keke? Zai faɗi.

Langa da yaran layi? Allah ya kiyaye, 'yan iska ne za su lalata mata yaro.

Har makarantarsu ta taka da ƙafarta ta ce wa malamin wasanni yaron yana da ciwon ƙirji, a daina fitar da shi fili. Alhali ƙirjinsa ƙalau.

Mota ta kai shi, mota ta ɗauko shi. Ya dawo ya miƙe a kan kujera, a ajiye masa abinci da lemo mai sanyi, ga waya a hannu. Ko kantin bakin layi ba a aikensa.

Marigayin yakan ce, "Lantana, ki bar yaron nan ya motsa jini." Sai ta ce ai shi bai san zafin haihuwa ba. Mutum ne mai gudun rigima, sai ya ƙyale ta.

Yaro ya yi jiki, wuya ya cika, fata luwai-luwai. Ƙawayenta in sun zo su ce, "Tubarkalla, ɗan hutu!" Ita kuwa ta yi ta murmushi.

Shi ma Zayyanun dai ba zan wanke shi tas ba. Da fari yana leƙen fili ta taga yana kuka. Daga baya zaman ya yi masa daɗi, ya daina tambaya.

To, yau ga ranar.

Maƙabartar unguwar tana bayan gari. Ruwan damina ya cinye hanyar, mota ba ta shiga, a kafaɗa ake kai mamaci. Wanda ya taɓa rakiyar gawa kuwa ya san ba a tafiyar hawainiya. Sauri ake yi, wannan ya karɓa, wancan ya karɓa.

Da aka ɗaga makara, Baffa Sama'ila, ƙanen marigayin, ya jawo hannun Zayyanu ya ce a ba ɗansa wuri. Mutane suka matsa.

Ya sa kafaɗa.

Nauyin ya sauko masa har tafin ƙafa. Bai taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar makaranta ba. Ya cije leɓe, ya ce a ransa ko zai mutu sai ya kai.

Ba su fita daga layin ba gwiwarsa ta fara rawa. Da suka zo gangaren kwata, ƙafar ta lanƙwashe.

Makara ta karkata.

Jama'a suka ɗauki salati. Wani saurayi ya yi wuf ya tare, wani ya janye Zayyanu gefe. Samarin nan ne masu buga ƙwallo a filin bayan masallaci, su suka saba ɗaukar gawar unguwa. Ba wanda ya yi masa faɗa. Ba wanda ma ya waiwayo, suka wuce.

Ya ce ba komai, tunda ɗauka ta gagara, saura shiga kabari. Wannan kam ba zai wuce shi ba.

Ya bi su.

Ga rana, ga yashi, ga hawa. Dattawa masu furfura suna wuce shi. Wani tsoho da sanda ya wuce shi. Yana hangen makarar mahaifinsa a saman kawunan mutane tana ƙara nisa, har ta sha kwana ya daina ganin ta.

Ya gwada gudu. Kai, abin tausayi! Ƙirji kamar an hura wuta, ido yana ganin duhu-duhu. Ya dafa wata bishiyar dogon yaro ya ce bari ya ɗan huta kaɗan.

Yana nan durƙushe yana haki ya ji takun mutane.

Dawowa suke yi.

An sa marigayin a kabari, an rufe, an yi addu'a. Baffa Sama'ila ya nemi yaron a bakin kabari, ya kira sunansa, ba a gan shi ba. Gawa kuwa ba a ajiye ta a rana jiran wani, sai Baffan ya sauka da wani maƙwabci.

Mutane suna wucewa suna miƙa masa hannu, "Allah ya jiƙansa, ya aka ji da haƙuri?" Kunya da baƙin ciki suka hana shi miƙa nasa hannun. Ya miƙe ya bi bayansu.

Da suka iso gida ya so ya ɓuya, aka ce Umma tana kira.

Ya shiga. Tana zaune a kan tabarma cikin mata, da carbi a hannu. Ta ɗago da sauri.

"Zayyanu, ka sa shi da hannunka?"

Ya yi niyyar cewa e. Sai ya ga idonta a kan hannuwansa. Duk wanda ya dawo daga maƙabarta hannunsa da bakin rigarsa jar ƙasa ce. Nasa tas.

"Umma, ban kai ba."

"Hana ka suka yi?"

"Ba wanda ya hana ni. Ƙafata ce ta ƙi."



Ta jawo hannuwan nan masu laushi ta riƙe, ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, a gaban kowa:

"Ba ƙafarka ba ce, ɗana. Ni ce na zaunar da kai."

Ranar nan matan da suka zo ba ta haƙuri ba su san a kan wanne za su ba ta ba.

Darasi:

Iyaye, don girman Allah, ku bar yara su yi gudu. Su buga ƙwallo, su hau keke, su faɗi su kurje, su dawo da datti. Ku sa ido a kan abokansu da lokacin sallarsu da karatunsu, wannan wajibi ne, amma kada ku ɗaure su a kujera ku ce so ne. Kurjewar gwiwa sati guda ta warke. Abin da ya wuce Zayyanu a hanyar maƙabarta ba zai dawo ba har abada, domin uba sau ɗaya ake binne shi.

Idan ka san gidan da aka hana yaro fita wasa saboda tsoro, tura musu wannan yau. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba 'ya'yanmu lafiya da ƙarfin jiki.