Gemun Itacen Baba Gariba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris, 1991, Allah Ya karɓi ran Baba Gariba na unguwar Abbey Wood a London, mai saran itatuwan council, wato ƙaramar hukuma. Shekara shida ina riƙe masa igiya in ya hau itace. Abokai sun ce in yi yabo in yi shiru. Su rufe nasu asirin, nawa yau zan tona shi.

Baba, kai ka samo mini aikin nan bayan bakina ya sa an kore ni a wuri biyu. Abincinka na rana kullum biyu kake raba shi, ni da kai. Ni kuwa don na karanta littattafan laburare, sai na ɗauka na fi ka.

Bayan guguwar 1987 da ta kwantar da itatuwa, muna sassare wani reshe sai ka tsaya cak. Wani abu ne ka gani a jikin reshen, toka-toka, cukus kamar gemu. Ka ce ka san shi tun kana aikin katako a dazuzzukan Ghana masu raɓa, kuma ba ya zama inda iska take da datti. Na ce, "Haba Baba, a hayaƙin London? Cuta ce kawai!" Har Turawan da muke aiki tare na sa suka yi maka dariya.

Ba ka yi fushi ba. Ka tsinko sili ɗaya ka ja a hankali, ɓawon ya tsage, farin zare ya bayyana yana miƙewa kamar roba. Ka ce, "In babu zaren nan, ba shi ba ne. Duba da kyau, Saani."

Da yake ba ka rubutun boko, ka ce in aika wa masana wasiƙa. Na aika. Suka ce shi ne, tsiron da ka faɗa ne ba cuta ba, kuma abin mamaki ne a gan shi a London. Amma sunan da suka buga a mujallarsu nawa ne, don nawa na sa. Sau uku kana tambayata, ina cewa ba su amsa ba. A na ukun ka dube ni ka ce, "Ba komai, aiki ya yi musu yawa." Ba ka sake tambaya ba.

Jiya na rubuta musu gaskiya. Ko sun gyara, ba za ka gani ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Inna Memunatu, Allah Ya ba ku haƙurin rashin maigida, ke da yara. Ranar addu'ar bakwai zan zo da mujallar, in faɗi wannan da bakina a gaban jama'a. Ki yafe mini in za ki iya. In ba za ki iya ba, ba ki yi laifi ba.