Salifou da dusar inabi

Shekara goma sha tara Salifou ya yi yana wanke kwalabe a wani labo, wato ɗakin binciken kimiyya, na Bron, kusa da Lyon. Mutumin Tahoua ne, marar yawan magana. Ni direba ne. Kowace Satumba nakan kwaso musu dusar inabi daga gonakin Beaujolais, wato ɓawo da 'ya'yan da ke saura bayan an matse ruwan an yi giya.

A cikin dusar akwai sinadarin da ke kare jiki daga lalacewa. Saadatou, ɗaliba 'yar Zinder, ke tatso shi, ta cusa shi cikin ƙwayoyin maiko da ido ba ya gani, don ya isa jini ciki bai narkar da shi ba. Shekararta ta ƙarshe ce. In dusar bana ta lalace sai baɗi, ga takardar zamanta za ta ƙare a Yuni.

Ranar da na sauke kilo arba'in injin busarwa ya mutu, firigo, na'urar sanyi, kuma cike. Dusa ba ta kwana biyu ba ta yi tsami ba. Malaminta yana taro a Paris. Ta waya ya ce a zubar.

Saadatou ta ce wa Salifou, "Baba, bari mu shanya a rufin gini."

Salifou ya ce, "Dakta, duk bokon nan ba ki taɓa ganin an shanya zogale ba? Rana cinye launi take yi. In launi ya tafi, me za ki tatsa?"

"To a ina?"

"A inuwa, inda iska ke wucewa."

Ya aro ragar sauro shida daga gidajen 'yan Nijar na Vénissieux, muka ɗaure su kan sanduna a ɗakin ajiya, ya kunna fanka biyu. Ya baza dusar ba kauri. Kwana huɗu yana juya ta da hannu, yana tsince wadda ta fara fumfuna. Hannuwansa suka rine, har wani ya yi masa kallon banza a masallaci. 

Da Saadatou ta auna, kashi biyu cikin uku na sinadarin na nan.

Ya ce, "Ya isa?"

"Ya isa, Baba."

"To kawo kwalabenki, sun taru."

A watan Mayu ta kare aikinta gaban malamai, aka ba ta digirin. Salifou bai shiga zauren ba, ranar aikinsa ce.