Ya'u da Noti Marar Kai

A Kaura Namoda, in ka tambayi Ya'u mai gyaran injin niƙa, sai a ce maka, "Mai gwangwani?" Tsohon gwangwanin madara ne, kullum yana aljihunsa. Ƙanen babana ne, kuma na shaida zai ara maka kekensa da fara'a, amma taɓa gwangwanin nan ka ga ɓacin rai. Ba komai a ciki sai ƙananan notuna marasa kai, kamar ƙwayar wake, kowanne da ɗan rami a baya inda ake zura ɗan makullin da ake kira alanki a ɗaure.

Da ba haka yake ba. Da, in notin da ke riƙe fuli, wato faifan ƙarfen da bel ke ja, ya ɓace, Baba Ya'u yakan yi abin da duk makanikai ke yi. Ya lalubo kowane noti ya ɗaura, kan notin ya turo waje yana juyawa da fulin. An yi shekaru ba abin da ya faru.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a, mata suka koma dogon hijabi har ƙasa. A Moriki akwai Barakatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da inji ɗaya a cikin gida, mata ke shiga niƙa. Wata safiya maƙwabciyarta Mero ta sunkuya ɗaukar garinta, kan notin ya cafki gefen hijabinta. Allah Ya sa yadin ya tsufa, ya yage, ta tsira da ƙujewa a wuya. Amma daga ranar ba macen da ta sake taka gidan. Aka ce injin yana da iskoki. Kwana goma sha biyu ba a tayar da shi ba, kuma da shi Barakatu ke ciyar da yaranta.

Da labari ya iske Baba Ya'u, bai ci abinci ba ranar. Washegari sai ga shi a Moriki.

"Barakatu, injinki ba shi da iskoki. Ni nas sa notin ga da hannuna. Laihina na."

"To, Malam Ya'u, ni na ji. Amma wa zai yarda?"

Ya wuce Gusau. Shago biyar ya shiga, yana juya notuna marasa kai a tafin hannu har masu kaya suka gaji da shi. Wannan zarensa bai dace da ramin ba, wancan ya yi tsawo, wancan ƙarfen banza ne. Mai ɗan kwarmi a baki yake so, don shi ke cizon sandar inji ya ƙi saki. Da ya dawo, ya sa zarto ya baje ɗan wuri a jikin sandar don notin ya zauna, ya ɗaure har ya nutse cikin fulin. Ya yanki tsohon duro ya rufe bel ɗin.

Barakatu ta roƙi mata su zo su gani. Suka tsaya can nesa, bakin ƙofa. Baba Ya'u ya tayar da inji, ya tuɓe babbar rigarsa ta Juma'a, wadda ko mu ba ya bari mu taɓa, ya riƙe ta ya bar gefenta yana shafar fulin. Ya daɗe a haka. Rigar ba ta samu komai ba sai baƙin mai.

Ba wadda ta motsa. Can sai Mero ta ratso tsakiyarsu, tabon na nan a wuyanta, ta dire ƙwaryar geronta gaban Barakatu.

"Niƙa mini da laushi, Adda. Yau kwana goma sha biyar ina daka."