Malam Isyaku, Wanda Ya Gyara Mana Rauta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Rajab, labari ya iso mana Gyadi-Gyadi cewa Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu, Malam Isyaku, bayan gajeriyar jinya.

Malam, bayan ka yi ritaya daga aikin gwamnati ba ka zauna ba. Ka koyi gyaran rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, ka mai da shi hidimar maƙwabta har Tarauni da Unguwar Gano.

Ba zan manta da lokacin da mahaifiyata, Inna Uwani, take kwance ba. Babban burinta ta ga fuskar autanta Suhaib da ke karatu a Masar, amma da an fara kiran bidiyo sai rautarmu ta yanke. Ka zo ka duba, ka ce manhajar cikinta ce ta tsufa, sai an sabunta. Na miƙa hannu zan latsa maɓallin sabuntawa, ka ce, "Dakata, Hafsah. In wuta ta ɗauke ana tsaka da wannan aiki, na'urar ta mutu ke nan."

Ka koma gida da ƙafarka mai ciwo, ka ɗauko inbatarka mai ajiye wutar lantarki ka jona rautar a jikinta. Ka juya rautar ka karanta lambarta, ka sauko da manhajar daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka haɗa rautar da kwamfuta da igiyar waya. Sannan ka ce in latsa da hannuna, don gobe kada in jira kowa. Aikin bai kai rabi ba aka ɗauke wuta. Na juyo na dube ka, kai kuwa murmushi ka yi, fitilun rautar na ci gaba da ƙyaftawa.

Ranar Inna ta yi hira da Suhaib har ta gaji, ta sa masa albarka. Ba ta ƙara ganin wata Juma'ar ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Iyatu da 'ya'yanta, Muhsin da Asma'u. Allah ya ba su haƙurin rashi, ya sa mu cika da imani.