Bargon Da Aka Yi Mini Guɗa A Kansa, Alhali Ba Ni Na Saƙa Ba

Shekarun baya, jim kaɗan bayan na ajiye aikin kula da takardun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata a Kazaure, na nemi wani hakki a wurin ƙawata. Hakki ne da ke wuyan kowane gwani: idan ɗan koyo ya tambaye shi abin da ya fi sauƙi, ya faɗi wanda ya fi sauƙi ga mai tambayar, ba wanda ya fi sauƙi a hannunsa ba. Ƙawata ta tauye mini wannan hakki, kuma har yau ba ta amsa laifinta ba.

Ga yadda abin ya faru. 'Yata da ke aure a Roni tana ɗauke da ciki na biyu. A haihuwar fari bargon kasuwa na kai, wanda daga baya na ga irinsa a bayan mata uku a taron sunan. Saboda haka na yi mata alkawari, a gaban uwar mijinta, cewa wannan karon da hannuna zan saƙa bargon jaririn. A lokacin ban taɓa riƙe kwarashi ba. Amma na shafe shekaru ina faɗa wa ɗalibai cewa duk abin da aka bi ƙa'idarsa ana iya shi, sai na ga ya kamata in gwada maganar a kaina.

Ƙawar tawa tun tana yarinya take saƙa. Tana hira tana yi, ba ta ko kallon yatsunta. Na same ta a gida na yi mata bayani dalla-dalla: ina son salo mai sauƙi, mai saurin ƙarewa, wanda bai fi ƙarfin wadda za ta fara yau ba.

Ta ce, “Malama, ai kin zo inda ya dace. Ki yi mai gida-gida. 'Yan murabba'ai ne kamar tafin hannu, ki saƙa su ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe a haɗe su. Ko kina gyangyaɗi za ki yi shi.”

Na ce, “Babu wanda ya fi shi sauƙi?”

Ta yatsine fuska. “Akwai na je-ka-ka-dawo, layi ɗaya ki yi ta maimaitawa har ya yi tsawo. Amma wannan ai ba na kaiwa gidan surukai ba ne. Ke da boko ya cika ki har wuya?”

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan amsa, domin ita ce tushen ƙarata. Ta san mai sauƙin, ta kuma kawar da ni daga kansa.

Na sayi zaren ulu fari da ruwan ganye da ruwan ƙwai, na zauna aiki. Abin da ba ta faɗa mini ba shi ne, hannun ɗan koyo ba ya tsayawa wuri ɗaya. A farko ina riƙe kwarashi kamar za a ƙwace mini, sai murabba'an suka fito ƙanana, masu tauri kamar faifai. Da hannu ya fara saki, suka riƙa girma, har na baya-bayan suka kusa kai hankici. Akwai wanda ya fito da kusurwa biyar, kuma har yanzu ban gano inda ta biyar ɗin ta shigo ba. Wani ya nannaɗe ya yi zurfi. Maigidana ya ɗaga shi ya jujjuya, ya ce, “Hajiya, da kin ce hula ce ai da na ba ki awon kaina.”

Na koma wurin ƙawata da ƙorafi. Ta ce, “Ci gaba kawai, wajen haɗi duk za su daidaita.” Na ci gaba, domin na ɗauka maganar gwani abin dogaro ce.

Sai ga haihuwa, namiji. Na baje murabba'an a kan tabarma, na yi ta jera su ina sauya musu wuri. Babu biyun da gefensu ya zo ɗaya. Suna ya matso, na zuba su a jaka na kai mata. Na ce, “Haɗawa kawai nake so. Kada ki ƙara, kada ki rage. Alkawari na yi cewa aikin hannuna ne, ko ya yi kyau ko ya yi muni.”

Ta zazzage jakar, ta ɗauki mai kusurwa biyar ɗin, ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta share hawaye ta ce, “Bar mini su. Mu haɗu a Roni ranar suna.”

Ranar suna, bayan azahar, aka baje kayan barka a tsakar gida, ana ɗaga kowane abu ana faɗin wadda ta kawo. Ƙawata ta miƙa ƙunshin kai tsaye ga uwar mijin 'yata. Matar ta kwance, ta ɗaga sama. Bargo ne da kowane gida a cikinsa ya yi daidai da ɗan'uwansa, kamar da ma'auni aka yanka su, ga ado a baki kewaye. Launukan nawa ne. Aikin kuwa ko kusa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Na miƙe tsaye na ce, “Jama'a, ku saurare ni. Wannan ba saƙata ba ce.”

Uwar mijin ta ce, “Kai, Hajiya akwai kawaici! A gabana fa kika yi alkawarin nan.”

Na ce, “Na yi alkawari, amma wannan ba shi ba ne.”

Wata daga gefe ta ce, “Haka gwanaye suke, ba sa son yabo. Allah ya ƙara basira!” Aka amsa da amin, aka sake guɗa. Duk sa'ad da na ƙara musantawa, sai darajata ta ƙara hawa. Na bi 'yata ɗaki na faɗa mata a keɓe. Ta rungume bargon, idonta ya kawo ruwa, ta ce, “Umma, ni ma sai kin yi mini kunya?” Wannan ya fi komai ci mini rai. Yarinya tana godiya a kan abin da ban yi ba.

Na tare ƙawata a bayan rumbu. “Ina murabba'aina?”

“Na warware su,” in ji ta, ko a jikinta. “Zarenki ne, ke kika saya, babu taƙin da hannunki bai taɓa ba. Ni maimaitawa kawai na yi.”

“Duka kika warware?”

“Ban da na farkon nan, sun ƙi warwaruwa. Da su nake sauke tukunya. Malama, zafi ba ya ratsa su ko kaɗan. Wannan kam kin iya.”

Daga ranar na rasa sukuni. Duk haihuwar da aka yi a dangi, daga Babura har Gwiwa, sai an aiko mini da saƙo cewa ana jiran irin na Roni. In na ce ban iya ba, a ce rowa ce.

Na sayi sabon zare, na zauna ni kaɗai na kama je-ka-ka-dawo ɗin da aka raina. Ya yi sauƙi kamar yadda na nema tun farko. Na gama lokacin da angon nawa ya fara tafiya. Gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, akwai kuma rami a tsakiya da yatsa zai shiga. 'Yata ta shimfiɗa shi, ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da dariya ta ce, “Wannan kam naki ne, Umma.” A ranar ta yarda da ni. Yaron kuwa ya ƙi barci sai da shi, yana jan sa a ƙasa duk inda za shi. Uwar mijin ta gani ta ce, “Wa ya saƙa wannan abin tausayi? A kai wa Hajiya ta gyara.”

Na san ƙawata don rufin asirina ta yi, kuma muna nan tare, har yau ita ce take fara zuwa in ba ni da lafiya. Amma na yi rayuwata ina tabbatar da cewa sakamakon kowace ɗaliba ya zauna a gaban sunanta, ba a gaban na wata ba. Ga shi ni an rataya mini na wata. Abin da ya fi muni, na samu labarin har yanzu tana ɗora 'yan koyo a kan mai gida-gida, tana cewa, “Ku dubi Malama, daga farawa ta yi shi.”

Saboda haka, cikin girmamawa, ina neman ƙawata ta tsaya a gaban matan Roni, a taron suna na gaba, ta bayyana da bakinta wadda ta saƙa bargon farko da wadda ta saƙa na biyu. Ina neman ta daina kafa hujja da ni. Ina kuma neman ta dawo mini da murabba'an da take sauke tukunya da su, ko da sun yi baƙi ƙirin, domin su kaɗai ne shaidar da ta rage mini cewa ban iya ba.