Tagar da Na Toshe da Hannuna

A wancan lokacin ni mace ce da ba a yi wa gardama. Ina sayar da ƙosai da kunu a unguwar Ammariyya da ke Jidda, ko alif ban sani ba, amma duk layinmu babu mai kaifin bakina. Da 'yata ta fari ta haihu, na ce wankan jego za ta yi irin na gida, kwana arba'in, da ruwan da aka tafasa a wuta. Mijinta haifaffen Jidda ne, ya nuna min abin dumama ruwa na lantarki a banɗaki, na ce masa wannan na wanke kwano ne, ba ya gasa jikin mai jego. Na kasa zaune na kasa tsaye, sai da aka kafa min ganga a ɗan ɗakin ajiya na saman bene, aka ja bututu daga tanki.

Mai aikin famfon ya yi ta nanata min cewa in bar tagar a buɗe. Na ce masa haihuwa bakwai na yi tun bai san hanyar makaranta ba, shi ke nan, ya tattara kayansa. Ni damuwata hayaƙi: in mai gidan hayar ya gani, zai hana. Sai na bar karyayyun katakan da maƙwabcinmu ke kawo min daga tashar jiragen ruwa, na koma gawayi. Na toshe tagar da bargo, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, har ina murna iska ba za ta huce min ruwa ba.

Rana ta huɗu 'yar tawa ta ce kanta na sarawa, tana ganin jiri. Na ce raki ne na 'yan zamani. Rana ta shida da hantsi na sauka ɗauko ganyen darbejiya, na tsaya rarrashin jaririn. Da na dawo na kira ta sau uku, shiru. Na tarar da ita a kife kusa da gangar. Ban san yadda na ja ta waje ba, ihu kawai nake, ba ɗankwali. A asibiti likita ya tambayi wanda ya rufe tagar. Mijinta ya sunkuyar da kai don ya rufa min asiri. Na ce ni ce.

Allah ya tashe ta, amma jikana ya yi kwana tara bai sha nonon uwarsa ba. Bayan nan na shiga ajin manya, da furfurata. Abin da na fara karantawa da kaina, harafi bayan harafi, gargaɗi ne a jikin buhun gawayi: kada a kunna a rufaffen ɗaki. Irin buhun da na yi ta ɗauka a kaina.

'Yan'uwana mata, gawayi na kisa ba tare da hayaƙi ba. Iyayenmu a tsakar gida suke hura wutarsu, sama a buɗe. Ni na kwaso gangar da ganyen na kawo Jidda, na baro sararin a gida. Har yau, ko da sanyi, ba na iya zama a ɗakin da aka rufe taga.