Baba Sule da Batirin Kunama

Zan fara da neman afuwa: mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini, kuma ba na tsammanin zan iya yi wa marigayi Baba Sule adalci, domin shekara uku na yi ina jin haushinsa.

Duk wanda ya san shi a Akokan, nan kusa da Arlit, ya san ɗan ma'aunin nan na masu sayen zinariya da ke aljihunsa. Tun da aka rufe ramin ma'adinai ya bar aikin lantarki, ba abin da ya sa a gaba sai faɗan robo, 'yan motocin ƙarfen nan da muke haɗawa muna karawa ran Lahadi bayan la'asar. Dokarmu biyu ce: kada robo ya wuce kilo ɗaya, faɗa kuma minti uku. Kowane batiri ya shigo hannunsa sai ya hau ma'auni. Na taɓa ganin ya ɓare takardar da ke jikin wani batiri don ya rage giram biyu.

Na ce, "Baba, ai bayanin ƙarfinsa ne a jiki."

Ya ce, "Injiniya, takarda tana faɗa ne?"

Ni da na dawo daga Yamai da difiloma! Ina jin dai da batiri yake, amma ban tabbata ba.

Ni kuwa tsorona kullum kada caji ya ƙare mini a tsakiyar fili, shi ya sa nake sa babban batiri, in rage kaurin ƙarfe. Shi nasa ƙanana ne, daga tsofaffin jirage marasa matuƙi yake cirowa, sauran nauyin duk ya zuba a garkuwar Kunama, robonsa. Ranar karawarmu ta farko ya ɗaga robona, ya jinjina.

"Kai! Faɗan minti uku za ka, ko Agadez?"

Kafin a cika minti guda Kunama ta kifar da shi. Ƙafafunsa suna sama suna ta juyawa. Baba Sule ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi batirinka na da kyau. Dubi, har yanzu tafiya yake."

An yi wata guda ana maimaita mini wannan magana, har a bakin masallaci.

Batiransa kuma ba sa shan zafin Arlit irin namu. A gwangwani yake rufe su, ya binne cikin yashin nan mai sanyi na gindin randar matarsa, Inna Rabi. Wata rana na nemi in matsar da randar don in zauna a inuwa, ya daka mini tsawa.

"Kai ka kumbura a rana ba komai, su in sun kumbura wuta ce!"

Inna Rabi ta leƙo ta ce, "Ɗana, yi haƙuri, ni ma da izini nake ɗiban ruwa."

Sau goma sha ɗaya ya kayar da ni, ko sha biyu. Na yi lissafi, na sake ƙira, na rage batiri a ɓoye yadda yake yi, duk a banza. Sai karawar ƙarshe, lokacin ya fara ramewa. Saura rabin minti Kunama ta tsaya cak, na tura ta waje. Na yi tsallen da har yau nake jin kunyarsa. Shi kuwa ya ce, "Batiri ya tsufa, Injiniya. Ni ma haka."

Bayan sadakar bakwai Inna Rabi ta miƙo mini gwangwanin da ma'aunin, ta ce shi ya ce a ba ni. Da ban gwada batirin Kunama ba da na huta. Na caja shi, na auna sau uku: lafiyarsa lau, zai yi minti biyar. Ke nan ran nan bai cika shi ba. Mutumin da bai taɓa manta giram biyu ba!

Allah Ya ji ƙan Baba Sule, Ya sa kabarinsa ya fi gindin randa sanyi, Ya yafe mini haushin da na ji.

Waɗanda kuka halarci karawar nan ta ƙarshe, ku gyara mini inda na yi kuskure. Musamman wanda ya ga lokacin da ya cire batirin daga caji, don Allah ya faɗa mini gaskiya. Ina jin zan iya ɗauka.